Dokin Teku a Ruwan Famfo

"Wannan ƙazantar zan juye a cikin akwatina? Allah ya kiyaye!"

Mai Gilashi ne ke magana, yana tsugune a tsakiyar shagonsa, ya leƙa bokitin da ya ɗauko daga wurin masunta tun da safe. Ruwan ciki kore-kore ne, yashi ya kwanta a ƙasa, guntayen ciyawa na yawo a sama, ga ƙarni ya cika shagon har bakin ƙofa. A ƙasan bokitin tauraron teku ya baje hannuwansa biyar, ja wur kamar an shafa masa fenti. Kusa da shi wata 'yar halitta ce da ba ta wuce tsawon yatsa ba, kanta irin na doki, cikinta ya yi tulu, ta naɗe jela a jikin reshen ciyawa ta tsaya ƙyam kamar mai jiran mota. Dokin teku ke nan.

Mai Walda, maƙwabcinsa, wanda ya ƙera ƙafafun ƙarfen da akwatin ke zaune a kai, ya jingina da ƙofa yana sakace haƙori.

"To ai a cikinsa aka haife su," in ji shi. "Ka bar musu kayansu mana."

"Kai walda ka sani. Dubi gilashin nan. Dube shi da kyau, sannan ka yi magana."

Abin a duba ne kuwa, gaskiya. Kwana da kwanaki Mai Gilashi ya yi a kan akwatin nan, ya ture aikin tagogin mutane gefe, masu kaya suna ta bugo waya yana ba su haƙuri. Gilashi mai kauri ya zaɓa, wanda babu ko ɗigon kumfa a jikinsa. Ya yanka, ya goge bakin har ya yi santsi, ya ja gam a kusurwoyi siriri kamar zare. In ba don ƙyallin da yake yi ba, sai ka rantse babu komai a wurin sai iska.

Shi dai mutumin nan, in kana son ka ga ɓacin ransa, ka nuna masa gilashi mai dauɗa. A ɗakin jira na asibiti an taɓa kama shi yana goge taga da hannun rigarsa. A motar haya in ya samu wurin taga, kafin a kai tasha ta biyu ya gama da ita. Tsohuwar matarsa takan ce da zai samu dama, da idon mutane ma sai ya bi da tsumma. Lokacin suna dariya tare ke nan. Yanzu ta yi wani auren, kuma shi bai damu ba, haka yake gaya wa kowa, har da wanda bai tambaye shi ba.

Abin da ya dame shi Aku ce.

Aku ita ce 'yarsa, ita kaɗai gare shi, tana aji uku a firamare. Shi ya sa mata sunan tun tana koyon magana, don duk abin da ya fito bakinsa sai ta maimaita. A wurin uwarta take zaune, amma Asabar tasa ce, daga safe har faɗuwar rana. A da in ta zo, kan tebur take hayewa ta riƙe masa bakin tef ɗin awo, tana kwaikwayon yadda yake ɗaure fuska in zai ja layi. Ta san sunan kowane gilashi: mai duhu, mai fure, mai waya a ciki, na mota. Duk daga bakinsa ta ɗauka.

Sai ga Dakta. Mijin uwarta ke nan, kuma ba likitan mutane ba ne, a cibiyar binciken teku yake aiki. "Likitan kifi," in ji Mai Gilashi, kuma duk sanda ya faɗa sai ya bi da tsaki. Tun shigowar mutumin nan bakin Aku ya sauya kaya. Tana sauka daga mota za ta fara.

"Baba, ka san dolfin ba kifi ba ne? Iska yake shaƙa kamar mu, kuma nono yake ba ɗansa."

"Baba, murjani fa ba dutse ba ne. Ƙananan dabbobi ne suka taru suka yi gida."

"Baba, mai-hannu-takwas zuciyarsa uku!"

"Wa ya gaya miki?"

"Dakta."

Dakta, Dakta, Dakta. Soson teku ma wai dabba ne, Dakta ya ce. Wata ne ke jan teku ya cika ya janye, Dakta ya ce. Mai Gilashi yakan yi murmushi ya ce, "Iko sai Allah," amma a ciki wuta ce ke ci. Kishi yake yi, kishi tsirararsa, babu wani suna mai daɗi da za a lulluɓe shi da shi. Ran da ta faɗi maganar zuciya uku, cewa ya yi a ransa: ni ɗaya gare ni, kuma ta ishe ni.

Asabar ɗin da ta wuce ba ta zo ba sam. Wai teku ya janye sosai, Dakta ya kai ta ganin kududdufan da ruwa ke bari a tsakanin duwatsu. Bayan haka uwarta ta bugo waya, da muryar nan tata ta lallashi da ya fi tsana, ta ce ko za a riƙa raba Asabar ɗin, ɗaya nan ɗaya can, tunda yarinya na son abin. Ya ce, "Ki kawo mini ita wannan karon. Ta zaɓa da bakinta." Yana ajiye wayar ya ɗauko tef ya fara awo. Teku ne ke ɗauke masa 'ya? To zai kawo tekun cikin shagonsa, ya ga ta inda za a bi.

Yanzu ga teku a bokiti, yana wari.

Ya miƙe ya shiga aiki. Ya ja tiyo daga famfon bayan shago, ya ɗaure farin ƙyalle a bakinsa don kada ko ƙwayar ƙasa ta wuce, ya cika akwatin taf. Ruwa garau, kamar ka sha. Sannan ya tuna Aku ta ce teku gishiri ne, sai ya ɗauko kwalbar gishirin da yake barbaɗa wa ƙwai, ya zazzage rabinta a ciki, ya juya da sanda, ya tsoma yatsa ya lasa.

"Teku ke nan," ya ce. "Har ya fi nasu."

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Mai Walda.

"Ka kyauta."

Ya wanke ciyawar tas a bakin famfo, ya dasa ta cikin fararen tsakuwa. Ya sa matacin shayi ya kwaso tauraron, ya sake shi a hankali. Ya kwaso dokin, ya sauke shi a ruwan cikin lallami don gudun kada ya ji masa ciwo. Da masuncin ya nuna masa shi cikin abin da taru ya jawo, yana shirin mayar da shi ruwa, Mai Gilashi ya gane shi nan take, don Aku ta taɓa zana masa shi a bayan kwali. Ita ta gaya masa cewa a wurin dokin teku uba ne ke ɗaukar ciki. Maganar nan ta zauna masa, ita kaɗai ce cikin duk karatun Dakta da bai ji haushinta ba.

Ruwan bokitin kuwa ya fita da shi ya sheƙa a kwata, ya ɗauraye bokitin da sabulu ya kife. Ya goge gilashin da tsohuwar jarida, ya rufa masa zane, ya sauya riga.

Bai daɗe da zama ba motar haya ta tsaya. Uwar Aku ta ɗaga masa hannu daga ciki, ya ɗaga mata, motar ta wuce. Aku ta shigo da gudu, jaka na tsalle a bayanta.

"Baba, ina kwana? Baba, ka san kifin shak ba shi da ƙashi? Guringuntsi ne duk jikinsa, irin na kunne. Taɓa kunnenka ka ji!"

"Na ji. Zo nan, rufe idonki."

Ya kama kafaɗunta ya tsayar da ita gaban akwatin, ya yaye zanen.

"Buɗe."

Aku ta zaro ido. Sannan ta ƙwala ihu, ta juyo ta ƙanƙame shi har hularsa ta faɗi.

"Baba! Dokin teku! Na gaske! Ko a wurin Dakta sau ɗaya na taɓa gani, kuma matacce ne a kwalba! Kai ka yi akwatin? Kai kaɗai?"

"Da wa zan yi?"

Mai Walda ya yi gyaran murya daga ƙofa, babu wanda ya kula shi.

Kai, daɗin da Mai Gilashi ya ji a lokacin nan! Ji ya yi kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Matacce a kwalba! Ya so a ce an ɗauki maganar nan a waya, ya riƙa kunnawa yana saurare. Ya tsuguna kusa da ita, kunci da kunci, suna kallo.

"Namiji ne, Baba, dubi jakarsa. Ciki gare shi. 'Ya'yan suna nan a ciki."

"Na sani. Shi ya sa na zaɓe shi."

Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Sai ya ga fuskarta ta sauya. Dokin ya saki ciyawar. Yana ƙasa a kan tsakuwa, ya kwanta a gefe ɗaya, gefen wuyansa na bugawa da sauri da sauri. Ya yunƙura zai miƙe, ya juya, ya sake faɗuwa. Tauraron kuma ya yi laushi ya kumbura, jan nan nasa ya koɗe.

"Barci yake," in ji Mai Gilashi. "Ya sha hanya."

Aku ta ja kujera ta hau, ta tsoma yatsa a ruwan ta lasa. Ta dube shi.

"Baba, wane ruwa ne wannan?"

"Ruwa mai tsabta. Na tace shi. Na sa gishiri."

"Na famfo?"

"To na ina?"

"Ina ruwan da suka zo a ciki?"

Ya kalli bokitin da ke kife a bakin ƙofa. Ita ma ta kalla.

"Wayyo Allah, Baba! Mutuwa za su yi! Ba sa rayuwa a ruwan daɗi! Kuma na famfo akwai magani a ciki!" Hawaye suka ɓalle mata. Ta diro daga kujera ta kama rigarsa tana jijjigawa. "Kira Abba! Baba, don Allah kira Abba!"

"Wa?"

Ta sa hannu ta toshe bakinta. Mai Walda ya sunkuyar da kai yana duba tsinken sakacensa kamar yau ya fara ganinsa.

"Dakta," ta ce a hankali.

Ashe haka ne. Ashe a can gidan ba Dakta ba ne. Dakta sunan da ake ɗauko masa ne ranar Asabar, kamar yadda ake ɗauko kwanon baƙi. Yarinya ƙarama, har ta iya ɓoye masa abu don kada ransa ya ɓaci! Wannan ya fi sunan kansa ciwo.

Ya fizgi bokitin. "Ba sai an kira kowa ba. Teku na uban wani ne? Yanzu zan je in ɗebo."

"Da wannan cunkoson?" in ji Mai Walda. "Kafin ka je ka dawo an yi sadakar uku. Kuma na bakin tashar jiragen nan duk baƙin mai ne, ka gani da idonka."

"Kuma ba a juyewa haka kawai," in ji Aku cikin kuka. "Akwai yadda ake yi. Ni ban iya ba, Baba. Shi ya iya. Wurin aikinsu kusa ne, suna da ruwan a tanki."

Ya tsaya da bokiti a hannu, kamar wanda aka dasa. Wallahi a wannan lokacin, da ransa zai bi, da ya gwammace dokin ya mutu, ya sayo mata wani, ya sayo goma, da dai mutumin nan ya tako masa shago. Ya kalli akwatin. Ɗan abin ya sake yunƙurawa da tulun cikinsa, jelarsa na lalube a cikin ruwa tana neman abin kamawa, ba ta samu ba.

Ya ajiye bokitin ya zaro waya. Lambar na nan, uwar Aku ta taɓa tura masa saboda ko-ta-kwana, bai taɓa kira ba. Ya juya wa yarinyar baya don kada ta ga sunan da ya ajiye ta da shi: Wancan.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Salamu alaikum. Baban yarinyar nan ne."

"Wa alaikumus salam, Malam. Lafiya? Wani abu ya same ta?" Muryar ta tashi, tsoro ne a cikinta na gaske, kuma Mai Gilashi ya ji haushin tsoron. Wa ya ba shi izinin tsorata?

"Lafiyarta ƙalau. Doki ne."

"Doki?"

Aku ta karɓe wayar ta zayyana komai cikin numfashi ɗaya. Ta saurara, ta ce "to," ta sake cewa "to," ta miƙo masa.

"Ya ce kada mu taɓa komai. Yana zuwa."

Ya zo kuwa, cikin wata tsohuwar a-kori-kura, jarkoki cike a baya. Mai Gilashi ya sha hango shi daga nesa, amma bai taɓa tsayawa da shi gaba da gaba ba. A ransa ya daɗe da ƙera shi: dogo, mai kwat, mai kallon mutane ta saman tabarau. Sai ga wani gajeren mutum mai sanƙo, wandonsa jiƙe har gwiwa, da takalmin roba. Kuma don neman magana, sai da ya tuɓe takalmin a bakin ƙofa, a shagon da ɓarɓashin gilashi ke ko'ina.

"Mayar da takalminka," in ji Mai Gilashi. "Za ka yanke."

"Na gode, Malam. Sannu da aiki." Ya miƙo hannu. Ba yadda za a yi, aka gaisa.

Dakta ya zaro wani ɗan abin auna gishiri, kamar guntun madubin hangen nesa, ya ɗiga ruwan akwatin a bakinsa, ya ɗaga shi wajen haske ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Mai Gilashi ya shirya tsaf, ƙirji a buɗe, yana jiran kalma ɗaya. Ya ce "haba," ko ya girgiza kai, ko ya yi ɗan murmushi, a yi ta ta ƙare. Mutumin ya mayar da abinsa aljihu ya ce, "Ɗaliba, samo mini roba mai faɗi."

Ko faɗan ma an hana shi.

Dakta ya kwaso dokin ya sa a robar, ya ɗora jarka a kan tebur, ya saƙala siririn tiyo, ruwan teku ya fara zuba kaɗan-kaɗan. Ya ɗaga tauraron a tafin hannu, ya juya shi, ya taɓa ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashinsa. Babu wadda ta motsa.

"Wannan ya riga ya tafi. Su ba sa jurewa ko kaɗan. Ruwan daɗi shiga jikinsu yake ya kumbura su." Ya faɗa yana kallon tauraron, bai kalli kowa ba.

Aku ta share hanci da bayan hannu, ta karɓe shi ta naɗe a jarida. Sannan ta koma gefen Dakta ta durƙusa. Nan Mai Gilashi ya ga abin da ya fi komai ƙona shi a ranar. Ba sa magana. Kafin mutumin ya miƙa hannu ta ɗora masa abin da yake nema. Ya ɗaga gira, ta matse tiyo. Ya gyaɗa kai, ta saki. Har ɗaure fuskar da take yi irin tasa ce, ta Dakta, leɓe a cije. A da, haka take riƙe wa Mai Gilashi tef. A kan teburin nan, wannan da jarkar ke kai.

"Malam," in ji Dakta, "in ba damuwa, a kwashe ruwan akwatin duka. Tsakuwar ma a ɗauraye ta da na jarka."

Mai Gilashi da Mai Walda suka kwashe. Ruwan nan garau da ya tace da farin ƙyalle ya bi ɗan'uwansa kwata. Sannan ya ɗaga jarka da hannunsa, ba wanda ya taya shi, ya tuttula ruwa mai kore-kore da ƙarni a cikin gilashin da ya yi kwanaki yana gogewa. Yana zubawa yana kallon akwatinsa na dushewa. Dakta ya jefa wani ɗan dutse mai tiyo a ciki, ya haɗa da ƙaramin inji, kumfa ta fara tashi. Ya ɗauko sabuwar ciyawa daga mota ya dasa. Da ya gama ya bi kusurwar akwatin da yatsa, daga sama har ƙasa.

"Kai ka haɗa wannan? Ma sha Allah."

Mai Gilashi bai ji yabon ba. Shatin yatsan da mutumin ya bari a jikin gilashin yake kallo.

Aka zauna jira. Aku ta kasa zama, ta ce za ta binne tauraron a gindin bishiyar bayan shago, Mai Walda ya ce zai ara mata ƙarfen tono, suka fita. Aka bar maza biyu da roba a tsakaninsu, inji na ta ɓuɓɓuga.

"Tun yaushe take ce maka Abba?"

Dakta ya ɗago, ya mayar da kai. "Ba ni na sa ta ba, Malam."

"Ban ce kai ka sa ta ba. Tambaya na yi."

"An ɗan jima." Ya gyara tiyon da ba ya bukatar gyara. "Ni ma na taɓa ce mata Aku. Sau ɗaya. Na ji uwarta ta faɗa, na ɗauka sunan gida ne. Ta dube ni ta ce, wannan na Babana ne. Ranar ko abinci ba ta ci kusa da ni ba. Shi ya sa nake ce mata Ɗaliba." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Duk tagar da ke gidanmu ta gaya mini ba a sa ta daidai ba."

Mai Gilashi ya ji daɗi, ba zai yi ƙarya ba, daɗin har tafin ƙafa. Kuma ya ji haushin cewa daga bakin mutumin nan daɗin ya fito. Ko wannan ma sai an kawo masa a jarka. Ya kau da kai.

Aku ta dawo da ƙasa a gwiwoyi, ta leƙa robar, ta dafe ƙirji.

"Ya tashi!"

Ya tashi kuwa. Yana tsaye a tsakiyar ruwa, ɗan fiffiken bayansa na kaɗawa kamar fanka. Dakta ya tallabo shi a cikin kofi ya sauke a akwatin. Ya yi ƙasa, ya yi sama, ya karkata kamar zai faɗi, duk suka riƙe numfashi. Sai jelar ta laluba ta samu reshe, ta naɗe shi gam.

"Alhamdu lillahi," in ji Mai Walda daga ƙofa. "Mai ciki ya tsira."

"Da saura," in ji Dakta. "Amma ya kama hanya." Ya juyo wurin Mai Gilashi. "Ka ga, Malam, asali wurinsa teku, can za a mayar da shi da shi da 'ya'yan. Amma a yadda ya jigata, ba na son a sake motsa shi sai ya haihu ya murmure. Abincinsa ƙananan jatan lande ne masu rai, zan bar maka kwalba, in nuna maka yadda ake ba shi. Sai ruwa. Duk mako sai an rage wani an zuba sabo. Zan iya aiko direbanmu da jarkokin. Ba sai na zo ba."

"Ranar Asabar!" in ji Aku. "Duk Asabar ina nan, Baba, tun da safe. Ba zan ƙara fashi ba, ko teku ya janye har ƙarshen duniya. Ni zan riƙa ba shi abinci, kai ka riƙe jarka, shi kuma Ab..." Ta haɗiye sauran. Ta kalli wannan, ta kalli wancan, ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta.

To, ga shi nan. Ta zaɓa da bakinta, kamar yadda ya ce. Asabar ta dawo hannunsa, duka, babu rabi. Abin da ya rage kalma ɗaya ce: ya ce a aiko direba. An ma buɗe masa ƙofar, mutumin da kansa ya buɗe. Ya buɗe baki zai faɗa, sai idonsa ya sauka a kan yarinyar, tana tsaye tana tauna rabin suna a bakinta, tana tsoron kada ya faɗo.

"Direba me ya sani?" ya ji kansa yana cewa, muryar a daƙile. "In abin ya sake kwantawa, direba zan tambaya? Ka zo da kanka."

"To, Malam. Allah ya kai mu."

"Ke kuma," ya ce da Aku ba tare da ya dube ta ba, "ki kira mutum da sunan da kike kiransa. Ba na son rabin magana a shagona."

Ta rungume ƙugunsa ta cusa fuska a rigarsa. Ya dafa kanta. Sannan ta ja shi da hannu ɗaya, ta ja Dakta da ɗayan, wai su zo su ga yadda idon dokin ke juyawa, kowanne da inda yake kallo. Suka tsuguna gaban akwatin, ita a tsakiya.

Da ruwan famfo ne a ciki, gilashin ba ya nuna komai sai abin da ke bayansa. Yanzu da ruwan ya yi duhu, ya koma kamar madubi. Mai Gilashi ya ga fuskarsa, ya ga ta Aku, ya ga sanƙon nan yana ƙyalli a gefenta, daidai wurin da shatin yatsan yake. Ya zaro tsumma daga aljihu, ya huro wa wurin iska, ya goge. Shatin ya fita tas. Ya sake gogewa, ya ƙara da ƙarfi.

"Baba, ya isa," in ji Aku. "Za ka tsorata shi."

Ya ninke tsumman ya mayar aljihu. Fuskar Dakta tana nan.